Awon Ladi

"Ɗaga hannu," in ji Kaka Rifkatu.

Ladi ta ɗaga. Tsohuwar ta zagaye mata ƙugu da wata ɗamara ta tsohuwar atamfa, ta ja, ta ƙulle ta baya. A cikin ɗamarar an ɗinke tsofaffin batura na tocila, da kwaɗon ƙofa biyu da makullansu suka ɓace, da wani dunƙulen ƙarfe da ba wanda ya san daga cikin wane inji ya fito.

"Kaka, da nauyi fa."

"Shi muke nema. Saki rigar. Taka in gani."

Ladi ta taka zuwa ƙofa ta dawo, tana ƙara kamar akuyar da yara suka rataya wa gwangwani.

"A hankali! Kamar 'yar mutunci. Ƙarfe ba ya tona asirin mai natsuwa."

Dabarar nan sa'ar Ladi ce, shekararsu goma sha biyar. Bakwaini aka haife ta, ba ta kai rabin kwanon gero ba, uwarta kuma ta rasu kafin gari ya san an haihu. Mutane suka zo gaisuwa, suka ce sai haƙuri, suka sha kunu suka tafi. Wasu, don rage wa kansu zirga-zirga, har suka haɗa da gaisuwar jaririyar tun tana numfashi. Uban, Dauda, ya yi kuka daidai gwargwado, sannan ya nemi canjin wurin aiki zuwa Kaduna ya sake aure. Rifkatu ce ta bar gonar cittarta a Kachiya ta tare a Gyaɗi-Gyaɗi. Da aka fito da yarinyar daga kwalbar bakwaini a asibiti ta ɗaure ta a ƙirji, fata da fata, da ita take suyar ƙosai, da ita take zuwa zumuntar mata a coci.

A awon farko nas ta dubi sikeli ta taɓe baki, ta ce in ba ta ƙaru ba za a sake kwantar da ita. Rifkatu ta ga yadda 'yarta, uwar Ladi, ta kwanta a asibiti, ta kuma ga yadda ta fito. Awo na gaba ta cusa ɗan kwaɗo a cikin nafkin. Nas ta yi murmushi. Tun ranar Rifkatu ta gane ilimin likita yana da iyaka, kuma ana sayar da iyakar a kasuwar Tarauni. Yarinya na girma, ƙarfe na girma.

Matsalar yau ba ta sikeli ba ce, ko da yake Rifkatu ba ta yarda akwai matsalar da ba ta sikeli ba. Ladi ta yi makonni ba ta shiga aji. Takan shirya tsaf, a rako ta har ƙofar makaranta, sai zuciyarta ta kama dukan uku-uku, numfashi ya sarƙe, ta tsuguna a gindin katanga. Shugabar makaranta ta ce a kai ta ganin likita, in kuma ba ta dawo aji ranar Litinin ba za a cire sunanta daga jarrabawar aji uku. Ta riga ta maimaita aji sau ɗaya. In ta sake, da ƙannen ƙawayenta za ta zauna, kuma ko a cikinsu ita ce za ta zama ƙarama.

Ɗan'azumi, mai adaidaitar da ke ɗaukarsu kullum, yana jira a bakin layi. Ladi na hawa ya leƙa tayar baya ya girgiza kai.

"Mama, yau kekena ya ji jiki. Ladi, giwa kika karya da ita?"

"Bakinka ya sari ɗanyen kashi," in ji Rifkatu, amma daɗi ya rufe ta.

"Ai na gane muryar ƙarfena. Na ce miki aro ne fa, ba kyauta ba."

"Ja mu tafi, sarkin surutu. Ka bi ramuka a hankali, ka san ba ta da ƙwari."

Ladi ta juya fuska tana kallon masu gyaran waya a bakin titi. Tun tana jin magana take jin wannan magana. Ba ta taɓa ɗaukar bokiti ba, ba ta taɓa tsallake titi ita kaɗai ba, ba a taɓa aikenta ko sayen ashana ba.

A ɗakin awo na asibitin wani ma'aikacin jinya ne, Nura, dogo mai fuskar wanda aka tasa daga barci. Ya ce ta cire takalmi ta hau. Ladi ta hau. Nura ya dubi sikeli, ya dubi siraran hannuwanta, ya sake duban sikeli. Rifkatu ta gyara ɗankwali tana kallon rufi kamar mai addu'a.

Zare ma yana tsufa. Ladi na saukowa aka ji ɓarat, batir ɗaya ya faɗo daga ƙarƙashin rigarta, ya gangara ƙarƙashin benci. Na biyu ya bi shi. Kwaɗo ya sauka a kan yatsan Nura.

Barci ya watse daga fuskarsa. Ya sunkuya ya ɗauki batir ɗin ya jujjuya shi.

"Mama, dama da batir yarinyar take aiki?"

Matan da ke kan layi suka kwashe da dariya, wata har da riƙe ciki. Rifkatu ta miƙe tsaye, ta ce laya ce.

"Mama, ke da na ji kina waƙar coci tun daga ƙofa?"

"To, laya ce ta Kirista."

Ladi ba ta yi dariya ba. Ta kwance ɗamarar da kanta ta ajiye a kan tebur, ta sake hawa. Nura ya rubuta abin da ya gani, ya ce, "Ƙarama ce, amma ba ta fita daga layin masu lafiya ba. Na ga waɗanda ba su kai ta ba suna goyon nasu." Ba wanda ya ambaci ba ta gado a asibiti. Rifkatu ta tsaya da baki buɗe. Ba ƙaramin abu ba ne mutum ya shekara goma sha biyar yana yaƙi, a ce masa abokin gabar bai san ana yi ba.

Likitar, Dakta Titilope, haifaffiyar Sabon Gari ce, Hausarta ta fi ta Rifkatu zama a baki. A jikin ƙofarta an rubuta cewa ɗakin na lafiyar ƙwaƙwalwa ne. Rifkatu ta sa Ladi ta karanta mata, sannan ta shiga da shirinta.

"Likita, kafin a fara, jikata ba mahaukaciya ba ce."

"Ni ma ban ce ba, Mama. Zauna. Ladi, yaya barci?"

"Tana yi sosai," in ji Rifkatu.

"Ladi, me kike ji in kin isa ƙofar makaranta?"

"Rana ce ke dukanta. Na ce su dasa bishiya."

"Kina da ƙawaye?"

"Ni ce ƙawarta."

Likitar ta ajiye biro. "Mama, a cikinku wace ce Ladi?"

Sannan ta yi bayani a taƙaice. Ta ce yaran da aka haifa ƙanana, jikinsu kan kamo na tsara ko ya kusa, amma wasunsu in sun fara girma sai fargaba ta yi musu yawa, ko hankali ya riƙa rarrabuwa a aji. Ba duka ba. Ba hauka ba ne, kuma ba a ganinsa a sikeli. Ana jinsa ne, daga bakin mai shi.

"Don haka ki ara min ita. Ga benci can a waje."

"Ba ta iya magana da baƙi ba."

"Za mu gwada."

Rifkatu ta dubi Ladi, tana jira ta riƙe mata zani kamar kullum. Ladi tana kallon yatsun ƙafarta.

Bencin asibiti an yi shi ne don mutum ya tuna zunubansa. Rifkatu ta zauna, ta tashi, ta kara kunne a ƙofa, Nura ya yi gyaran murya, ta koma. Da farko muryar likita kaɗai ke fitowa. Can sai wata siririyar murya ta fara, ta tsaya, ta sake farawa, daga nan kuma ta ƙi tsayawa. Rifkatu ba ta jin kalmomin. Mamakin da take yi, ina yarinyar ta ajiye magana mai yawa haka a ɗan jikin nan.

Da aka kira ta, idon Ladi ya yi ja.

"Akwai abin da take so ta faɗa miki da bakinta," in ji likitar. "Sauran tsakaninmu ne."

Ladi ta ɗago kai. "Kaka, ki daina zuwa tagar ajinmu da kunu. 'Yar Kwalba suke ce min. In kin tafi sai su ce a duba ko ina motsi."

"Su wa? Ba ni sunan iyayensu."

"Kuma in na kwanta, ki daina sa min yatsa a hanci."

"Ai barci kike."

"Ba na yi. Ina jin ki. Duk sanda kika zo dubawa sai in ce, ashe yau ce. A ƙofar makaranta ma haka nake ji, in ce in mutuwar ta zo min a aji ba kya nan."

Rifkatu, wadda ko fasto ba ya gama jimla a gabanta, ta sunkuyar da kai tana duban yatsanta.

Likitar ta ce za ta riƙa ganin Ladi duk Laraba, za ta koya mata yadda ake kwantar da numfashi in zuciya ta tashi. Ba allura, ba kwanciya. Sai dai akwai aikin gida. Kafin Litinin, Ladi ta je ƙofar makaranta ita kaɗai, ko ba ta shiga ba, ta taɓa ƙofar ta koma gida.

"Ita kaɗai? In ta faɗi fa?"

"Sai ta tashi, Mama. In ta kasa, mu sake gwadawa."

A hanyar komawa Ɗan'azumi ya buɗe baki zai yi tsiya, ya hango fuskokinsu a madubi, ya rufe. Sun bar Tarauni, sun shigo Gyaɗi-Gyaɗi, Ladi ta taɓa masa kafaɗa.

"Tsaya a nan."

Kan kwanar makarantarsu ce. Daga nan sai an tsallake titi, a wuce mai shayi da masu walda, kafin ƙofar.

"Likita ta ce kafin Litinin," in ji Rifkatu. "Yau Alhamis. Ba ki ci komai ba."

"In na je gida ba zan fito ba, Kaka."

Ta sauka. Ta tsaya a bakin titi, 'yar mitsitsiya a cikin rigar da aka ɗinka da faɗi don ta ɓoye ɗamara. Mota ta wuce, babur ya wuce, wata motar ta wuce. Ta dafe ƙirji. Rifkatu ta zuro ƙafa ɗaya waje. Sai Ladi ta sauke hannun ta tsallaka, da ɗan gudu, kamar mai satar hanya.

"Bi ta," in ji Rifkatu. "A hankali. Kada ta gan mu."

"Mama, keken nan ruwan ɗorawa ne, ƙararsa har Darmanawa ana ji."

Ya bi ta duk da haka, yana rarrafe a gefen titi, na baya suna ta danna masa hon suna tambayar ko gawa ya ɗauko. Ladi ta wuce mai shayi. Daidai masu walda ta rage sauri. Ba ta waiwayo ba, amma kafaɗunta sun ɗage, irin na wanda ya san ana bayansa. Ta tsaya cak, ƙofar tana gabanta kaɗan.

Ɗan'azumi ya taka birki. "In sauke ki?"

Rifkatu ta dubi bayan yarinyar. Ta mayar da ƙafarta cikin keke, ta damƙe ƙarfen kujera da hannu biyu.

"Wuce ta."

"Mama?"

"Kurma ne kai? Na ce wuce ta. Kai ni gida." Ta juya fuskarta ɗaya gefen, wajen masu sayar da katifa. "Kai dai ka duba madubi. Amma kada ka gaya min."