Tsantsar Fetur

Injin yankan ciyawar Philip ba abin kallo ba ne, doguwar sanda ce mai ɗan inji a gindi, ana rataya ta a kafaɗa. Amma da shi yake ciyar da iyalinsa a Paikon Kore, tun da ya bar wa ƙannensa gona ya shigo Abuja, lokacin da kuɗi suka yi wa manya yawa har suka koma shuka ciyawar da ko akuya ba za a bari ta ci ba. Gida bakwai yake yi wa yanka a Gwarimpa.

Duk Lahadi bayan coci sai ya kwance fulogi ya goge da tsohon buroshin haƙori, ya wanke soson da ke tace iska ya shanya. Mai kuwa da hannunsa yake haɗawa: fetur cikin gora, man inji murfi biyu, ya girgiza. Irin wannan injin ba shi da wurin zuba man inji daban, a cikin fetur yake shan rabonsa.

Gida na bakwai na Injiniya Abdulmajeed ne, darakta a wata ma'aikata. Takardun digiri sun cika masa bango, amma ko ƙwan fitila bai taɓa canzawa da hannunsa ba. Wata rana ya fito da jallabiya da kofin shayi, ya ɗaga gorar Philip ya duba launin man, ya yatsina fuska.

"What is this? Gurɓataccen mai! Shi ya sa hayaƙi ya cika mini gida."

"Oga, haka injin yake so. In babu man inji a ciki, zai mutu."

"Ni za ka koya wa inji?"

Philip ya san ba a jayayya da mai kofin shayi. Zaren robar da injin ke yanka da shi ya ƙare masa, ya jingine injin ya tafi bakin titi sayo wani.

Yana dawowa, tun daga kwanar layi ya jiyo kukan injinsa, wani siririn ihu da bai taɓa ji ba. Ya zuba da gudu. Ya tarar Injiniya ya tuttule man a kwata, ya cika tankin da tsantsar fetur ɗin janareta, ya rataya injin a kan jallabiya yana danna wuta iya ƙarfinsa. Matarsa Hajiya Ameera na daga baranda tana ɗaukar sa hoto.

"Ka gani? No smoke!" in ji Injiniya.

Bai rufe baki ba injin ya yi wani ƙas, ya ɗauke.

Philip ya karɓa, ƙarfen na ƙona masa hannu. Ya ja igiya, ko motsi. Ya sake ja da hannu biyu. Fistin da ke cikin injin ya riga ya manne saboda rashin man inji. Ya tuna sauran gidaje shida, ga damina ta kankama, ciyawa ba ta jiran kowa.

"Kayan China ke nan," in ji Injiniya, yana goge tafinsa da hankici. Ya dubi rabin filin da ba a yanka ba, ya tsuke baki. "Ranar Asabar ina da baƙi. Ba ni lambar wani mai irin injin nan."