Hotona a Ƙofar Fadama

Jikata ce ta dawo daga makaranta tana kuka, wai ana ce mata jikar mai yanka tsuntsaye. Na ce wa ya faɗa? Ta ce allon da aka kafa a ƙofar fadama.

Na yafa mayafi na tafi ƙofar fadama. Ga ni kuwa a jikin allon, ƙatuwa, ruwa iya gwiwa, wuƙa a hannun dama, wuyan wani farin tsuntsu mai jan baki a hagu. Ban yi boko ba, sai na sa mai gadi ya karanta mini rubutun ƙasa. Ya yi ta kame-kame, sannan ya ce, "Wai irin waɗannan ne ke ƙarar da baƙin tsuntsaye."

Irin waɗannan! Ni!

Ranar ina sane da ita. Bazara ce, tsuntsayen ƙaura sun yada zango, fadama ta yi fari fat, masu ɗaukar hoto sun kwanta cikin ciyawa kamar kadoji. Na je yankan kaba na tarar da wannan ya sarƙe a tsohuwar ragar masunta. Ragar nake yankewa.

Ofishin masu kula da fadama na wuce, ban ko zauna ba. Shugaban ya ce, "Mama, a yi haƙuri, za mu sauke."

"Ka sauke a ce me? A ce tsohuwa ta zo ta yi kuka an rufa mata asiri? Kira mini mai hoton."

Ya zo da kyamararsa mai baki kamar taɓarya. Sa'an autana ne. Ya ce shi hotuna kawai ya miƙa, rubutu ba nasa ba ne.

"Ɗan nan, da ka danna sau ɗaya, sai hannunka ya shanye? Ina na bayansa?"

Ya buɗe kwamfuta yana matsawa. Ga raga ta tsinke. Ga tsuntsun ya kafa mini baki a damtse, butulu. Ga shi ya buɗe fukafukai ya tashi, ni kuma na zauna daɓas cikin taɓo, ɗankwali a ruwa, baki wage ina zaginsa.

Sai wata mai shara a ofishin ta tuntsire da dariya.

Na ce, "Wannan za ku sa."

Mai hoto ya ce, "Mama, akwai wanda kika fi kyau a ciki."

"Miji na ce maka ina nema? A wannan ne aka ga ya tashi da ransa, wuƙata kuma babu jini."

Shugaban ya ce sati mai zuwa. Na jawo kujerarsa na zauna, na ce ni ma ba ni da aiki sai sati mai zuwa.

Kafin la'asar ya aika an bugo. Shi na sa ya hau tsani da kansa, da takalminsa mai sheƙi, masunta da masu kaba sun taru suna kallo.

"Yallaɓai, ɗaga hagun," na ce. "Ya karkace."