Lintar Baba Isyaku

Haruna birkila ya riga ya fasa bangon har rana ta fara leƙowa, sai muka ji muryar maƙwabcinmu Baba Isyaku daga ƙofar gidansa.

"Kai Haruna, ajiye gudumar nan."

Shekara arba'in yana gini a Gyadi-Gyadi kafin ciwon ƙoda ya kwantar da shi. Matarsa, Inna Uwani, ce ta riƙo shi, ni kuma na kawo kujera. Ƙofa nake so a buɗe mini ta waje, in mayar da falon shagon ɗinki.

"Sa'adatu, me ke sama da bangon nan?"

"Ɗakin yara ne, Baba, su Sumayya."

"To shi yake ɗauke da su. Wannan sarkin sauri zai sauko miki da su ba ta matakala ba."

Haruna ya sosa ƙeya. "Baba, daga baya zan zuba lintar da za ta riƙe saman ƙofar."

"Daga baya ake jana'iza."

Daga kan kujera ya yi aikin. Ya sa aka tokare rufin kankaren da gora shida kafin a ƙara taɓa bangon. Ya ƙirga rodin da yatsa, ya ce a shigar da lintar taku ɗaya cikin bango ta kowane gefe. Da aka zuba kankaren ya ce da ni, "Ki riƙa ba shi ruwa safe da yamma. Kwana ashirin da ɗaya, kada a zare ko gora ɗaya. Ke na bar wa, maza gaggawa gare su."

Kwana tara ya yi bayan nan. Ranar Laraba da hantsi ya cika.

Da aka dawo daga maƙabarta, masu gaisuwa suka cika layi, ga rana. Maigidana ya leƙo. "A cire gorar nan a shimfiɗa wa mutane tabarma a falon, ai kankaren ya bushe."

"Saura kwana goma sha biyu."

"Haba Sa'adatu, a yau ma?"

"Su Sumayya a sama suke kwana. Ku shimfiɗa a haka."

Ya dube ni, ya ɗauki tabarmar. Dattawa suka shiga a sunkuye, kowa ya sami wuri tsakanin gora da gora, suna kaffa-kaffa kada kafaɗa ta taɓa. Liman ya ɗaga hannu. Ruwan da na zuba da safe bai gama bushewa a jikin lintar ba.