Likkafanin Baba Maje

"Inna Huraira, an sare Ya'u! Yana can kwance a fadama!" in ji wani yaro daga ƙofar gida.

Ban san inda na yar da ludayin da ke hannuna ba. Ya'u ɗana ne, shi kaɗai Allah ya bar mini, ɗan tauri mai kunnen ƙashi. Tun ina amarya 'yan taurin unguwarmu Gyaɗi-Gyaɗi da na Tarauni suke gaba, a kan wata barewa da aka yi jayayyarta a farauta, wadda ko ƙashinta ya daɗe da zama ƙasa. Dagatai sun zauna, malamai sun ja aya, amma duk rani sai an zubar da jini.

Na fito ko mayafi babu. Samarinmu na dawowa a guje, wani kansa a rotse jini ya rufe masa ido, wani yana jan karensa hanji a waje.

"Ina Ya'u?" na ce.

Ɗaya daga cikinsu ya ce, "Yana da rai, Inna. Taurinsa ya karye, a cinya 'yan Tarauni suka same shi, jini kamar an yanka bijimi. Sun zagaye shi, duk wanda ya matso sai barandami."

Sai ga Baba Maje, maƙwabcina, katanga ɗaya ta raba mu. Badamagare ne, tsohon sojan Faransa, aikinsa ɗaukar masu rauni a wani yaƙi can gabashin duniya. Ya ishe mu da labarinsa: yadda 'yan ƙasa ɗaya suka yi shekara da shekaru suna kashe juna, har manyan ƙasashe suka zauna a Turai neman sulhu.

Nakan tsokane shi, "Su manyan naka sai da aka gama mutuwa suka zauna?"

Yakan ce, "Halinsu ke nan. Amma farin ƙyalle ba ya jiran su. Ka ɗaga shi, a tsayar da wuta, ka kwashi naka."

Ranar nan ya fito yana ɗingishi, da farin yadi ɗaure a kan gora. Na gane yadin, don ni na raka shi kasuwar Kurmi ya sayo.

"Baba, likkafaninka ne fa!"

"Shi kaɗai ne fari a ɗakin," ya ce, bai ko tsaya ba.

Na bi shi har gindin kukar da ke bakin fadama, nan na tsaya ina hangensa. Ya ratsa gonar rogo, tuta a sama, yana kira, "Ba faɗa na zo ba!" Gangar tauri ta cinye muryarsa. A ƙasashen da ya yi yawo farin ƙyalle roƙon sulhu ne. A wurin 'yan tauri kuwa, wanda ya shigo fage ɗauke da likkafani cewa yake yi ko in kashe ko a kashe ni. Na ƙwala masa kira har muryata ta dushe, bai waiwayo ba.

Wani saurayi ya yi kirari, ya taho a guje ya sakar masa barandami a kafaɗa. Baba Maje bai taɓa shan tauri ba, ƙarfen ya shige shi kamar kabewa. Wani ya ƙara masa gora a ƙeya. Ya faɗi a kan gwiwa, jini na tsartuwa, amma bai saki yadin ba. Ya ja jiki har wurin Ya'u, ya sa haƙori ya yagi likkafanin.

Ganga ta yi shiru.

"Kai, ku tsaya! Tsohon nan ba shi da tauri!" Ɗanlasan ne, babban 'yan Tarauni. Ya durƙusa. "Baba, me ya kawo ka da likkafani?"

"Ɗaukar mai rauni," in ji Baba Maje. "Hannuna ya mutu. Ɗaure masa nan, sama da ciwon. Ja da ƙarfi."

Da idona na ga Ɗanlasan ya ajiye wuƙa ya ɗaure cinyar ɗana. Su 'yan Tarauni ne suka ɗauko su biyun a kan asabari har ƙofar gidana, ba mai iya kallon wani. Na tsine musu, na kuma ba su hanya.

A zaurena aka kwantar da Baba Maje. Ya buɗe ido ya ce, "Jinin ya tsaya?"

"Ya tsaya, Baba."

"To, a sassauta ɗaurin kaɗan, kada ƙafar ta mutu."

Kafin la'asar ya cika. Na yi kukan da ban yi wa mijina ba. Da aka zo haɗa shi babu likkafani, sai daga Tarauni aka aiko da wani, ba a faɗi wanda ya bayar ba.

Ya'u ya tashi, da ɗingishi irin na Baba Maje. Duk tsawon jinyarsa da ragowar yadin nan nake masa ɗauri. Kullum da hantsi sai in wanke tsummokaran, in shanya su a kan katangar da ta raba gidajenmu, rabi a wajena, rabi suna reto a tsakar gidansa.