Murar da Na Kawo daga Abuja

"Tsaya daga nan, Oga Muhyiddin," in ji Francisca, ta tare ƙofar babanta da hannu. "Hancinka na zuba."

"'Yar mura ce, sanyin mota," na ce, na zaro katin rigakafina daga aljihu. "Allura biyu na yi. Ina korona za ta zauna a jikina?"

Kwanana ɗaya ke nan da dawowa daga taron ofis a Abuja. Baban nata, Baba Tyav, maƙwabcina ne a Azuba, katanga ce kawai tsakaninmu, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa mai fama da asma. Shi bai yi allurar ba. Kullum cewa yake sai ƙirjinsa ya lafa.

Ya ɗaga murya daga ciki. "Bar shi ya shigo! Sati guda ban ci kowa a dara ba."

Ta janye hannunta. Wasa uku muka yi, taga a rufe saboda ruwan sama, goshinmu kamar zai haɗu.

Kwana uku mura ta sake ni. A na biyar shi kuma numfashi ya gagare shi, na kai su asibiti a motata. Da gwajinsa ya nuna korona ce, aka ce a gwada ni. Ni ma ina da ita.

"Amma na yi allura," na ce wa nas ɗin.

"Shi ya sa kake tsaye da ƙafarka," ta ce, da muryar wadda ta gaji da maimaitawa. "Tana hana mutum jigata. Amma kana iya ɗauka, kana iya ba wani."

"To ni na ba shi?"

"Ba mai iya rantse maka. Wa ya san inda ya shiga?"

Ni na sani. Rabon Baba Tyav da fita ya fi wata biyu.

Aka ce in killace kaina a gida. Sau ɗaya Baba Tyav ya kira ni a waya, yana magana yana hutawa. "Muhyiddin... kana cin abinci?" Na ce ina ci. Da safiyar Talata ya rasu. Ta taga na ga motar da ta tafi da shi ƙauyensu, can gaba da Agyaragu.

Da Francisca ta dawo na yi mata ta'aziyya ta kan katanga. Na fara cewa, "Ranar nan da kika tare ni..."

"Oga, bari," ta ce. "Ni ma na yi allura, ni ma kullum ina kasuwa, ni nake ba shi abinci. Ban so in sani. Na gaji."

Ta shige ɗaki ta turo ƙofa.

Da la'asar hadari ya haɗo. Rigunansa biyu na kan igiya tun ranar asibiti, rana ta cinye launinsu. Na zagaya na kwashe, na ninke, na tsaya a baranda riƙe da su, ruwa na sauka a kan kwano.