Ramin Ƙarƙashin Tabarma

Shekara shida Halidu yana dakon kanwa da gishiri a akori-kurarsa tsakanin Madawa da Allakaye, har tsatsa ta huda ƙasan motar, daidai inda mai zaman gaba yake ajiye ƙafa. Ya shimfiɗa tabarma a kai, ya ja bakinsa. To ga shi jibi zai kai mahaifiyarsa, Inna Biba, asibitin mishan saboda tarin da ya ƙi sakin ta, ita kuwa kullum gaba take zama.

A garejin Madawa, Toma mai walda ya ɗago wani fallen ƙarfe. "Ga na kwaikwayo, ko yau sai in liƙa maka. Na asali sai an aiko daga Yamai, sati ukku."

Halidu ya danna shi da babban yatsa, ƙarfen ya lotsa.

"Zai riƙe?"

"Bisa kwalta, i. Bisa duwatsun Allakaye, ba ni rantsuwa."

Ya koma gida. Ya durƙusa gaban tsohuwar, ya fara kame-kame.

Ta jira tari ya lafa. "Ramin tabarma kake nuhi? Tun damana nike kallon hanya tana gudu ƙarƙashin ƙafata. Na yi kurum don kada hankalinka shi tashi. Tahi a liƙa wanda aka samu, ɗana. Mota tana iya jiran sati ukku. Ni kuwa, ban sani ba ko ina iyawa."