Littafin Addu'ar Maman Tabita

Yalwa mace ce mai rubuta komai. Tun a gida Zariya, shekara tara tana sakatariyar zumuntar mata a majami'arsu, kuma ba a taɓa jin ta manta da mai jego ko mai zaman makoki ba. Da aka aiko mijinta, Pasto Dogara, aikin bishara a Guangzhou ta ƙasar Sin, tukunya ma ba ta ɗauko ba, amma ta ɗauko sabon littafi mai baƙin bango.

Majami'ar tasu falo ce a hawa na tara, cikin wani tsohon bene a unguwar Sanyuanli. A takarda Dogara ɗan kasuwa ne. Kwana shida a mako yana taya 'yan Kano ɗaure kayan da za a kai filin jirgin Baiyun, ran Lahadi ya sa kwat ya tsaya a bayan teburin cin abinci. Mutum goma sha tara ne ke zuwa sujada, yawanci samarin Filato da Adamawa da suka zo neman arziki, arzikin ya yi musu nisa. Ana rera waƙa ƙasa-ƙasa, ba ganga, ba tafi, in an tashi a fita bibbiyu. Bayan sujada Yalwa ta zuba musu tuwon shinkafa, ta zauna da biro.

Kowa da shafinsa: suna, bene, lambar ɗaki, lambar waya, sai abin da za a roƙa masa. Da littafin take ziyarar marasa lafiya, da shi take durƙusawa kowace safiya bayan ta sallami 'yarsu Tabita. Roƙon kusan iri ɗaya ne. "Bizarsa ta ƙare wata huɗu." "Fasfonsa ya ɓata." A shafi na uku akwai Kallamu, wani dogon tela ɗan Numan mai yawan dariya, wanda ke kiranta Mama tun ranar da ya fara ganinta. Ta rubuta masa: "Wata takwas ba biza. Matarsa ta haihu a gida, bai ga yaron ba. Ubangiji ka rufa masa asiri."

A daminar 2008 gari ya sauya. Wasannin Olamfik a Beijing za a yi, amma sharar baƙin haure ta iso har ƙofarsu. Sabunta biza ya zama sai wane da wane, duk inda ka je amsa ɗaya ce, meyo, wato babu. Ana tare baƙar fata a bakin tashar jirgin ƙasa a ce ya nuna fasfo.

Ran wata Litinin da hantsi, Dogara na wajen aiki, aka ƙwanƙwasa. Jami'ai biyu ne, mace da namiji, masu ladabi har da cire hula. Suka duba fasfo, suka ga lafiya lau. Namijin ya kalli kujerun roba da aka jera a lungu, ya ƙirga su da ido. Macen ta ɗauki littafin daga kan firij, ta buɗe, ta rufe, ta sa a jaka, ta yi wa Yalwa murmushi.

Da maigidan ya dawo ya tambaya ko lafiya, ta ce an zo duba fasfo, an tafi. Gaskiya ta faɗa, sai dai rabi. Kunya ce ta riƙe mata harshe, ita da ake yaba wa hankali, matar pasto guda, a ce da hannunta ta tattara asirin 'ya'yan mutane ta ajiye a kan firij. Ta lallashi kanta da cewa ai da Hausa ta rubuta, wa zai karanta Hausa a Sin?

Ran Laraba aka ɗauke Ishaya daga ɗakinsa. Ran Alhamis da safe aka ɗauke Briskila mai kitso. Dogara ya dawo ko abinci bai iya ci ba.

"Maman Tabita, akwai Yahuza a cikinmu," ya ce. "Ba a hanya ake tare su ba, har ɗaki ake bin su. Wani ne ke nunawa."

Ta ce, "Allah ya kyauta." Ta shiga kicin ta buɗe famfo don kada ya ji kukanta. Ishaya ne shafi na ɗaya, Briskila shafi na biyu.

Duk da haka ba mijinta ta fara gaya wa ba. Da yamma ta tare maƙwabcinsu Alhasan a matakala, wani dattijon ɗan kasuwa Bakano da ke aiko musu da naman salla. Ta zayyana masa komai, ta ƙare da cewa da Hausa fa ta rubuta.

Alhasan ya ajiye ledar hannunsa. "Haba uwargida! Lambar ɗaki tana buƙatar tafinta ne? Kuma kin manta a ƙasar nan akwai masu karanta labarai da Hausa a rediyo? Tun yaushe aka ɗauka?"

"Tun Litinin."

"Innalillahi. Wa ke biye?"

Ta kira wayar Kallamu, tana ta ƙara ba a ɗauka ba. Ta tari tasi da silifas ɗin wanka a ƙafarta. Benen su Kallamu ba nisa, amma motoci sun cushe, ta sauka ta ƙarasa da gudu, zani na harɗe ta. Ta tarar da ƙofar ɗakin a buɗe, keken ɗinkinsa da riga rabin ɗinki a ƙarƙashin allura, taga a wangale. Wata tsohuwa mai shara ta nuna mata tagar, ta nuna ƙasa, ta dafa ƙafafunta biyu ta girgiza kai. Daga hawa na uku ya yi tsalle da ya ji ana bugun ƙofa, tun azahar. Motar asibiti ta tafi da shi, da jami'i a gefensa.

A ranar ta durƙusa gaban Dogara ta faɗa. Bai daka mata tsawa ba, ita kuwa da ya yi da ta fi samun sauƙi. Ya dube ta ya ce, "Kwana huɗu, Yalwa." Rabon da ya kira sunanta tun kafin a haifi Tabita. Ya ɗauki waya ya shiga kiran sauran ɗaya bayan ɗaya, yana cewa kowa ya bar ɗakinsa yanzu, ya jefar da layinsa, kada kowa ya zo ran Lahadi. Da bakinsa ya watsa abin da ya shekara biyu yana tarawa.

Ran Lahadi ta jera kujerun duk da haka, don hannu ya saba. Su uku suka yi sujada. Tabita ta tambaya ko Kawu Kallamu zai kawo mata rigar da ya yi alkawari.

Ran Talata jami'an nan biyu suka dawo. Suka ba Dogara takarda mai hatimi, kwana goma su bar ƙasar. Macen ta ciro littafin ta miƙa wa Yalwa da hannu biyu, yadda ake yi a nan in ana girmama mutum, ta ce shiye-shiye, wato an gode.

Bayan sun fita ta buɗe. Jan biro ya bi shafukan a tsanake. An yi maki a gefen Ishaya, da Briskila, da Kallamu. Sauran sha shida babu maki, sai alamar tambaya. Ta juya zuwa shafin ƙarshe, wanda ta rubuta tun makon da suka sauka, har ta manta da shi: "Mu kanmu. A takarda 'yan kasuwa ne mu. Ubangiji, kai ka san abin da ya kawo mu." Shi ma an yi masa maki.